Yadda Ake Ajiye Bindiga a Gidan da Ke da Yara

Wata asubar hunturu na dawo daga sintiri, idona kamar an zuba barkono. Na jingine bindigata a bayan ƙyauren turaka, na ce bari in sami jam'i, in na dawo na gyara mata wuri. Ko minti ashirin ban yi ba. Ina sako ƙafa a zaure na jiyo ana jan abu a ƙasa. Ɗana ne, lokacin yana shekara 6, ya haye ta ya mai da ita dokin kara. Ya riƙe bakin da hannu biyu daidai haɓarsa, gindin yana sharar ƙasa, ƙanwarsa tana biye da tsumagiya tana kora masa doki. Kuma a ɗure take. Ban yi tsawa ba, don na san in ya firgita jefar da ita zai yi. Na lallaba na ce, "Kawo dokin nan in ba shi ruwa." Da ta zo hannuna sai da na zauna a kan turmi, ƙafafuna suka ƙi ɗaukata.

Abin da zan bayyana a nan shi ne tsarin da nake bi tun daga ranar, wanda kuma na taya abokan sintiri da mafarauta da dama kafawa a gidajensu a nan kudancin Kano. Na fi ba da ƙarfi ga bindigar toka, mai ɗuri ta baki, wadda wasu ke kira harba-ka-ruga, don ita ta fi yawa a ƙauyukanmu. Inda mai kwanso, wadda ake sa wa harsashi ta baya, baki ɗaya ko baki biyu, ta bambanta, zan faɗa.

Karatun duka bai wuce wannan ba: ɓoyewa daban, kullewa daban. Ƙarƙashin katifa, saman azara, cikin jinka, bayan buhunan gero, duk wurin da ka ɓoye abu, yaron da ke yini a gidan ya riga ka saninsa. Ka tuna inda mahaifinka yake ɓoye nasa kayan, ka kuma tuna shekarunka nawa ka gano. Don haka abu uku ake rabawa: bindiga babu ɗuri a kulle, albarushi ko harsashi a kulle a wani wurin, makulli a jikinka.

Kayan da za ka tanada

- Akwatin ƙarfe mai tsawon bindigarka da rarar taƙi ɗaya. Mai walda zai haɗa maka.
- Kwaɗo mai nauyi guda biyu, ɗaya na akwatin bindiga, ɗaya na kayan ɗuri. Kada makullin ɗaya ya buɗe ɗayan.
- Ƙaramin akwatin katako na albarushi da harsashi.
- Sarƙa mai kauri, kamar wadda ake ɗaure babur ko injin ban-ruwa da ita.
- Guntun rodi da siminti kwano biyu ko uku, na kafe akwati.
- Sandar ɗuri, tsumma mai tsabta, da man keken ɗinki.
- Gawayi 'yan ƙwayoyi a ƙulle cikin ƙyalle, saboda laima.
- Tocila mai haske sosai.

Rodi, sarƙa da farantin ƙarfe duk ana samunsu a Ƙofar Ruwa in ka shiga Kano, amma ba sai ka je can ba. Mai waldan da ke gyara amalanke a kasuwarku ya isa. Wanda ba shi da halin akwati yanzu ya duba mataki na 5, akwai mafita.

1. Fara da takarda

Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na yaƙi, waɗanda ba na farar hula ba ne. Akwai irin mai kwanso ta farauta, wadda lasisinta ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda. Sai masu ɗuri ta baki irin tamu, waɗanda sha'aninsu ke ƙarƙashin Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ka je ofishin 'yan sandan yankinku ka ji matsayin taka, kuma mai unguwa da Sarkin Baka su san kana da ita. Dokar ta ɗora wa mai lasisi alhakin tsaron bindigarsa a kowane lokaci, in kuma ta ɓata ko an sace ya sanar cikin kwana 14. Ma'ana in ɗanka ya ɗauka ya yi ɓarna, ba shi kaɗai za a tambaya ba.

2. Ka tabbatar babu ɗuri

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin ganganci.

Mai kwanso ba ta da wuya. Juya bakinta ga ƙasa mai laushi ko katangar da ba kowa a bayanta, yatsanka nesa da kunama, ka karya ta, wato ka buɗe ta ta tsakiya, ka zare kwanso, ka leƙa ta baya ka ga haske ya fito ta kowane bututu. In baki biyu ce, ka duba biyun. Mutum yakan harba ɗaya ya manta da ɗayan.

Bindigar toka kuwa ba ta da bayan da za ka leƙa, kuma ba a leƙa ta ta baki, ba a hura ta da baki, ko wa ka ga yana yi. Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya cire makunni, wato abin da kunama ke sara ya ba da wuta, ya sauke kunamar, ya ce ai ya kwance ta. Ba ka kwance komai ba. Albarushi da harsashi suna nan a ciki, kuma yaron da ya taɓa ganin kana sa makunnin ya san inda ake sa shi. Ko ba yaro, burbushin da ya maƙale a wurin yana iya tashi in ta faɗi.

Ga yadda ake aunawa. Bayan ka cire makunnin, ka tsayar da ita bakin yana kallon sama nesa da fuskarka. Zura sandar ɗuri a hankali har ta tsaya, kana riƙe da ita da yatsu biyu ta gefe, ba tafin hannunka a saman baki ba. Sa alama a jikin sandar daidai leɓen bututu. Zaro ta ka kwantar a jikin bututun ta waje, alamar tana daidai leɓen. In ƙarshen sandar ya kai wurin ƙaramar kafar da wuta ke shiga, babu komai a ciki. In ya rage yatsa biyu, uku ko fiye, a ɗure take. Ranar da ka tabbatar babu komai, ka yanka wa sandar tabo na dindindin da wuƙa a wannan wurin. Daga nan awon daƙiƙa biyar ne. Sandar ƙarfe ma kunne yana taimakawa: a bututun da ba komai takan yi ƙara ta ɗan yi tsalle, a kan ɗuri kuwa sai ka ji dum.

In a ɗure take kuma kai ka ɗura ta jiya ko yau, ka sauke ɗurin tun a daji kafin ka shigo gari. Nemi tudun ƙasa mai laushi ko gefen kwari, ka duba bayansa babu makiyayi babu mai itace, ka harba a ciki. Ban da dutse, ban da ruwa, don harsashi yana zamewa a kansu ya canza hanya. Ban da sama, don abin da ya hau zai sauko a kan wani. Na san albarushi kuɗi ne, mutum yana jin zafin zubar da ɗuri a banza. Ka lissafa shi cikin kuɗin fita, kamar man babur.

In ka ja kunama ba ta tashi ba, kada ka sauke ta daga kafaɗa ka juyo da ita kana dubawa. Albarushin da ya sha laima yakan ci wuta a hankali ya tashi daga baya. Riƙe ta a saitin tudun nan, ka ƙirga minti ɗaya cikakke, ko biyu ma.

Ɗurin da ba ka san shekarunsa ba, kamar bindigar da aka gada aka tarar a rataye, ba a gwada shi da harbi. Tsatsa ta ci bututun ta ciki, yana iya fashewa a hannunka. Ka tsiyaya ruwa a ciki ya jiƙa albarushin sosai, ka kai wa maƙerin da ya san aikin bindiga ya fitar.

3. Wanke ta kafin ta kwanta

Tokar albarushi tana jan laima, tana cin ƙarfe cikin kwana kaɗan. Wanke bututu da ruwan zafi har ruwan ya fito fari, goge da tsumma a bakin sanda, bar shi ya bushe ƙarau, sannan ka shafa man keken ɗinki kaɗan ciki da waje. Man gyaɗa da man ja suna daskarewa su yi danƙo, ka bar su a kicin. Kada ka naɗe ta a leda, gumi take yi. Kada kuma ka cusa tsumma a baki don hana ƙura. Wata rana za ka manta ka ɗura a kansa. Na san dalilin da ya sa ake cusawar: zanzaro. Bindigar da aka rataye a bango da damina, zanzaro yakan yi gininsa na laka a cikin bututu, kuma bututun da ya toshe fashewa yake yi. Akwati mai rufi ya raba ka da wannan.

4. Zaɓi ɗaki

Turaka ta fi, in tana da ƙofa mai kwaɗo kuma yara ba sa kwana a ciki. Zaure bai dace ba, don kowa na ratsawa, almajiri da baƙo da mai talla. Shagon samari ko kusa da shi, a'a. Rumbu ma a'a: yara ake aikawa su ɗebo hatsi, su ne masu shiga ta ƙaramar ƙofar. Ɗakin matan gida yara ne ke yini a ciki.

A cikin ɗakin ka zaɓi kusurwar da ba a hangowa daga ƙofa ko taga, ba kuma bangon da yake jiƙewa da damina ba. Ɗaga akwatin a kan bulo biyu. Gara ba ta cin ƙarfe, amma in ta sami hanya sai ta mai da kotar bindiga gari.

5. Akwati da kafe shi

Ka ce wa mai walda ya yi amfani da farantin ƙarfe mai kauri, milimita 2 ko fiye, ba irin kwanon akwatin lefe na da ba, wanda ake ɓanɓare kusurwarsa da lauje. Maɗaurin murfin ya zama ta ciki, ko a like shi da walda yadda ba za a zare ƙusar ba. Kunnen da kwaɗo ke shiga ya zama mai kauri, in da hali a yi masa 'yar rumfa ta ƙarfe yadda zarto ba zai sami wuyan kwaɗon ba. Murfin ya zauna daram. In hannun yaro zai iya shiga ta gefe, aikin bai yi ba. Ba sai ka gaya wa duk mai zama a bakin shagon abin da za ka sa a ciki ba.

Akwatin da za a iya ɗauka a fita da shi rabin aiki ne. A ɗakin siminti sai a huda ƙasan akwatin a ɗaure shi da ƙusoshi masu noti ta ciki. A ginin ƙasa ƙusa ba ta kama bango, don haka ka haƙa rami kamu ɗaya a daɓen, ka lanƙwasa rodi kamar ƙugiya, ka dasa shi da siminti kansa a waje, ka bar shi kwana uku ya kama. Sai ka zura sarƙa ta hannun akwatin ka kulle a jikin rodin. Shimfiɗa tsohon bargo a ciki, ka jefa ƙullin gawayin nan, ka riƙa canza shi ko shanya shi lokaci lokaci da damina.

In babu kuɗin akwati tukuna, kada ka ce sai an sayar da amfanin gona. Dasa rodin nan yau. Mai kwanso sai ka karya ta, ka zura sarƙa siririya ko wayar kulle keke ta cikin bututu, ka kulle a jikin rodin. Muddin wayar na ciki ba za ta rufu ba balle ta harba. Mai baki biyu ka ƙara da cire katakon da ke ƙarƙashin bututu ka kai shi wani ɗakin. Bindigar toka ka naɗe ta da sarƙa a siririn wuyan kota, bayan kunama, ka matse yadda ba za ta zame ba. Tsohuwar durowar katako mai kauri ma ta fi babu, in ka sa mata kunnen kwaɗo mai noti ta ciki. Sai dai ka sani, wannan duk na tsare ƙananan yara ne. Saurayi mai zarto da yinin da ba ka gida zai ci galabarsa.

Gargaɗi ɗaya: kada ka taɓa sa kwaɗo ko sarƙa kusa da kunamar bindigar da ke a ɗure. Mataki na 2 kafin kowane kulli.

6. Albarushi da harsashi su koma wani wurin

Ba akwati ɗaya da bindiga ba, in da hali ba ɗaki ɗaya ba. Shi albarushi akwatin katako ya fi masa na ƙarfe, don in wuta ta kama shi a cikin ƙarfen da aka rufe ruf, akwatin kansa ne zai tarwatse ya zama harsashi. Zuba shi a tandu ko roba mai murfi, ban da kwalba, ban da gwangwanin da murfinsa ke gogar ƙarfe. Ban da robar lemo ko gwangwanin madara, abin da yaro ya saba buɗewa yana neman daɗi. Kada ka tara da yawa. Abin da zai ishe ka fita biyu ko uku ya wadatar. Makunnin kuma a ƙulle daban, kada ya haɗu da albarushin.

Ka zagaya ɗakin da idon wuta: fitilar kananzir, kaskon turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, kaskon jin ɗumi da hunturu, wayar sola da ɓera ya ci. Duk su yi nesa. Jarkar fetur ta injin ban-ruwa, takin zamani da maganin feshi su ma ba maƙwabtansa ba ne. Jinka kuwa, wadda tsofaffi suka saba soke ƙahon albarushi a ciki, ita ce farkon abin da ke kamawa in gobara ta tashi.

Mai kwanso ya ƙirga harsashinsa ya rubuta adadin a takarda a cikin akwatin. In ka dawo daga daji ka zazzage aljihu da jaka da ƙarƙashin sirdin babur. Harsashi ɗaya da ya faɗi a tsakar gida, yaro zai ɗauka ya ƙwanƙwasa da dutse ko ya jefa a murhu ya ga abin da zai faru.

7. Makulli

Duk wahalar da ka sha a sama, a nan take lalacewa. Kada ka haɗa makullin da na babur. Kai da kanka za ka miƙa wa ɗanka ka ce ya kai buhu Wudil ranar Juma'a, ko ya ɗauko ƙanwarsa daga islamiyya. Kada ka rataye shi a ƙusa, kada ka sa a ƙarƙashin filo ko saman ƙofa. Ni nawa a zariyar wando yake, da igiyar fata. In zan yi wanka yana shiga makewayi tare da ni, don rigar da aka rataye a ƙyaure aljihunta na kowa ne.

Kwaɗo yakan zo da makulli uku. Ɗaya a jikinka. Ɗaya wurin babban mutum guda da ka yarda da shi, a wajen gidan. Na ukun ka lanƙwasa shi ka jefa a masai. Kafin ka saya, ka gwada makullan wani kwaɗon irinsa a shagon. Masu arha da yawa makulli ɗaya ke buɗe su. In mai lamba ne, ban da shekarar haihuwa, ban da ƙarshen lambar wayarka, kuma kada ka buɗe yaro na tsaye a kanka.

Uwargida ta san inda komai yake, ko da makulli ba ya hannunta. Ita ke gida in ka fita. Ka nuna mata yadda ake ɗaukar bindiga bakin yana kallon ƙasa, yatsa nesa da kunama, don ranar da za ta tarar da ita inda bai kamata ba.

8. "To in ɓarayi suka zo cikin dare fa?"

Duk wanda na yi wa wannan bayani sai ya yi mini wannan tambayar, kuma tambaya ce ta gaskiya. Wanda ke da shanu a turke a bakin daji ba don ado ya ajiye bindiga ba.

Ga yadda nake yi. Bayan isha, in yara sun shiga ɗakunan iyayensu mata, na sa sakata a turaka, sai in buɗe kwaɗon akwati in bar murfin a rufe. Kayan ɗuri suna kusa, amma bindigar ba a ɗure ba. Daren da yaro ya kwana a ɗakina, kwaɗon ba ya buɗuwa. Da kiran assalatu, kafin in taɓa buta, na mayar da kwaɗo. Kafin buta, ba bayan an idar ba. Wannan ɗan tsakanin, lokacin da maza suka tafi masallaci mata suna hura wuta, shi ne ya kusa cinye mini ɗa.

Za ka ce ɗurin zai ci lokaci. Zai ci, kuma lokacin nan yana da amfani. Wanda aka tasa daga barci da bindiga a ɗure a gefensa yana iya harbin inuwa, inuwar kuma sau da yawa ɗansa ne da ya dawo daga kallon ƙwallo ya tarar an rufe zaure ya hauro katanga, ko matarsa ta fito kewayawa. Kare, tocila, usur da lambar wayar abokan sintiri su ne na farko. Ka haska, ka yi magana, ka ji murya. Ka kuma kafa doka a gidanka: wanda ya yi dare ya buga ƙofa ya yi sallama, faɗan da zai sha ya fi hawan katanga sauƙi.

9. Abin da za ka gaya wa ƙananan yara

Ana cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Wuta tana barin tabo ya yi hankali. Wannan ba ta ba da damar koyo. Ka koya musu abu uku da za su iya maimaitawa: kada ka taɓa, ka bar wurin, ka gaya wa babba. Wanda ya zo ya faɗa maka ya ga bindiga ko harsashi a wani wuri, ka yaba masa, kada ka dake shi, in ba haka ba gobe ba zai faɗa ba.

Bayan sallah ka ƙara sa ido. Yaran da suka ga 'yan bindigar sarki suna ta da hayaƙi a hawan Daushe, ko a hawan hakiminsu, sati guda suna kwaikwayo da kara da bindigar roba. A idon ɗan shekara 5 taka da ta roba duk abin wasa ne, taka ta fi kyau ne kawai. Kuma jan kunne ba ya maye gurbin kwaɗo. Yaron da ya amsa maka da "to, Baba" da safe, shi ne zai nuna wa abokinsa da yamma.

10. Samari

Ƙaramin yaro tsautsayi ne ke kai shi. Saurayi da niyya yake zuwa, ya san inda take, ya san yadda ake ɗurawa, wataƙila ma kai ka koya masa.

Hanyoyin da suke bi sanannu ne. Akwai hoto: a rataya bindigar Baba a ɗora a Facebook ko TikTok, aboki yana riƙe da waya a gaban bakinta. Akwai wasan nuna wa juna, alhali Manzon Allah (SAW) ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizgi hannunsa. Akwai zuciya: an yi faɗa a dandali, an ƙwace budurwa, shanu sun shiga gona. Sai wanda ya fi ba ni tsoro, gwajin maganin bindiga. Saurayi ya karɓo laya ko ya sha wani jiƙo, abokai su zuga shi, a ce a gwada. An sha binne mutane a kan wannan a ƙasar nan. Ka faɗa wa 'ya'yanka da bakinka, ko kai mai guru da laya ne: ba a gwaji da bindigar gidan nan, ba a kan mutum ba, ba a kan akuya ba.

Doka ba ta ba wanda bai kai shekara 17 lasisi ba, don haka "ai ya girma, ya riƙe mini" ba hujja ba ce. In gidanku gidan farauta ne kana son ya gada, ka koya masa a daji, kana tsaye a bayansa, ka fara da awon sandar ɗuri da wanke bututu kafin harbi. Wanda aka bari ya taɓa a gaban babansa ɗokinsa yakan ragu. Amma makulli ba ya cikin gadon tukuna.

Akwai lokacin da kwaɗo ma bai isa ba. In ka ga yaro ya fara shaye-shaye, ko ya daina cin abinci da mutane, ya shige ɗaki ba ya magana, ko yana cewa ya gaji da duniya, ko yana ambaton wani da cewa sai ya ga bayansa, to bindiga ta bar gidan a ranar. Ka kai ta ofishin 'yan sanda ajiya ka karɓi takardar shaida, ko aƙalla ka kwashe albarushi da harsashi kaf ka kai gidan wanda ke riƙe da makullinka na biyu. Irin wannan zafin ran yakan sauka cikin sa'o'i in babu makami a kusa. Sannan ka zauna da yaron, ka kai shi asibiti in abin ya kai, kada a tsaya ga rubutu kaɗai. Wannan hukuncin ya hau kanka kai ma: in rigima ta yi tsanani tsakaninka da iyali, ko da ɗan'uwa a kan gona, ka miƙa makullin ga wani har ƙura ta lafa.

11. Ranar taro, ranar tafiya

Biki da suna suna cika gida da yaran da ba su san dokarka ba. Kulle turaka gaba ɗaya. Abokin farauta da ya zo da tasa, ya sauke ɗuri a waje, ta shiga akwatinka har ya tashi tafiya. Ba a jingine ta a zaure a shiga cin tuwo. In 'ya'yanka suna yini a gidan kawu ko kaka mai bindiga, ka tambayi yadda yake ajiye ta. Da nauyi, na sani, musamman ga suruki. Ni nakan fara da ba da labarin dokin karan nan, sai maganar ta zo da sauƙi.

In za ka yi doguwar tafiya, ci-rani ko aikin Hajji, kada ka bar wa babban ɗanka makulli don "ya kula da gida". In kuma mai bindiga ya rasu, a cikin kwanakin zaman makoki wani babba ya auna ta, ya kulle, a sanar da hukuma. Ɗakin mamaci a buɗe yake yini, kowa na shiga.

12. In tsautsayi ya auku

Danna tsumma mai tsabta a kan raunin da ƙarfi, kada ka ɗaga kana leƙawa. In ya jiƙe ka ƙara wani a kai. Ban da toka, ban da ƙasa, ban da garin magani, kuma kada a tsaya tono harsashi. A nemi mota nan take, a kira 112 in akwai sabis. Kada tsoron 'yan sanda ya sa a ɓoye yaro a ɗaki ana jiran mai maganin gargajiya: tun 2017 akwai dokar tarayya da ta wajabta wa asibiti, na gwamnati ko na kuɗi, ya karɓi wanda aka harba ya fara yi masa magani ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Babban asibitin da ya fi kusa za a fara nufa, su za su tura asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a Kano, ko na Rasheed Shekoni a Dutse ga mutanen Jigawa. Wani babba kuma ya tsaya ya ɗauke bindigar ya kulle, don a cikin ruɗani an fi mantawa da ita a ƙasa, ga sauran yara a tsaye.

13. Dubawar wata-wata

Ni ranar Juma'ar farko ta kowane wata nake yi, bayan an sauko, ƙofa a rufe. Ina zura sandar ɗuri ko da na san ba komai, in ƙirga harsashi in gwada da takarda, in taɓa albarushi in ji ko ya dunƙule, in duba bututu saboda tsatsa. Sai in duƙa da tocila in kalli bakin kwaɗon. Ƙarfen wurin yakan nuna in an yi masa cuku-cuku da waya ko ƙusa. Sau ɗaya na tarar da irin wannan ƙarzar, sabuwa fil, da guntun wayar taya a ƙasa. Ban tara gida ina tambayar wane ne ba. Na canza kwaɗo a ranar, washegari kuma na ce wa babban ya ɗauko gora ya raka ni daji.